Digirin Bayokemistiri da Jarkokin Mai da Aka Dawo da Su: Nazarin Lamarin Wani Matashi a Katsina

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan cikin birnin Katsina ne. Ba za mu kama sunansa ba, ko na jami'ar da ya yi, ko na wurin da yake aiki, domin lamarin nasa irin wanda ake yawan gani ne. Likita ya nema, makin JAMB bai kai ba, aka ba shi gurbi a Bayokemistiri, wato kimiyyar sinadaran da ke aiki a jikin mai rai. Ya karɓa da niyyar sauya kwas bayan shekara guda. Sauyin bai yiwu ba, don wanda makinsa ya yi sama ƙwarai a aji ɗaya kaɗai ake dubawa, guraben ma ba su taka kara sun karya ba. Ya gama da daraja ta biyu ta ƙasa, matsakaicin maki 3.1 cikin 5, ya yi bautar ƙasa yana koyar da Kemistiri a wata sakandare, ya dawo gida.

A gida kowa ya ɗauka asibiti zai shiga. Mahaifinsa ya ce masa, "Ai gwajin jini ka karanta, ka kai takardunka mana." Ya ce, "To, Baba." Ya zaga ɗakunan gwaji masu zaman kansu na cikin gari, amsar ɗaya ce: za a iya ba shi rajistar marasa lafiya ko wanke kwalabe, amma ba zai sa hannu a sakamako ba.

Ba wulaƙanci ba ne, doka ce. Dokar da ta kafa majalisar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti ta ƙasa, MLSCN, a 2003, ta keɓe wannan aiki ga wanda majalisar ta yi wa rajista ta ba shi lasisi. Hanyar samun lasisin ita ce digirin BMLS, wato digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara 5 a jami'a da shekara 1 ta horo a asibiti. Mai digirin Bayokemistiri zai iya bayyana dalilin da ya sa jinin mai sikila ke tafiya daban da na mai AA a na'urar tantance jinsin jini (genotype), har ya faɗi amino asid ɗin da ya sauya a gurbi na 6 na sarƙar beta, amma bai da ikon rubuta "AS" ya miƙa wa masu shirin aure. Wasu asibitocin gwamnati suna ɗaukar masu wannan digiri a matsayin jami'an kimiyya, sai dai guraben kaɗan ne, kuma an daɗe ana jayayya kan iyakar aikinsu. Da an faɗa wa yaron wannan tun yana aji biyu, da bai ɓata kusan shekara yana bin ƙofar da ba tasa ba.

Abin da ya fito da shi daga jami'a

Kwas ɗin shekara 4 ne ga wanda ya shigo ta JAMB. Ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ana karantar da shi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, haka nan a Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. Aji ɗaya kimiyyar gama-gari ce. A aji biyu ake shiga furotin, kitse, sukari da sinadaran gado. Aji uku shi ne mai zafi: ilimin enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta sauye-sauye a jikin mai rai, hanyoyin da jiki ke sarrafa abinci ya fitar da ƙarfi, da dabarun awo. Aji huɗu kuma furojet.

Da muka duba takardar makinsa, a aji ɗaya ya yi asarar da ta bi shi har ƙarshe. Zuciyarsa na wajen likitanci, ya ɗauki kwasa-kwasan shekarar kamar zaman jiran mota. Iyakar daraja ta biyu ta sama 3.50 ce, kuma wanda ya fara da 2.5 sai ya yi da gaske kafin ya hauro. Asara ta biyu ta fi wannan girma, ko da yake ba ta fito a takarda ba. Watanni 6 na sanin makamar aiki, SIWES, ya yi su a wani ɗakin gwajin asibiti kusa da gida don sauƙin kuɗin mota, yana kallon aikin da doka ba za ta taɓa bari ya yi ba. Da a kamfanin abinci ya yi su, ko matatar ruwa irin ta Ajiwa, ko wata cibiyar bincike a Zariya, da ya fito da sana'a a hannu.

Abu ɗaya ya cece shi. Furojet ɗinsa a kan man gyaɗar kasuwa ne, kuma malamin da ya duba shi bai yarda da kwafe ba, sai da ya tsaya a kan buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga ruwan awo da shi, da kansa har hannunsa ya faɗa.

Hanyoyin da aka auna

Kawunsa, tsohon malamin makaranta, shi ya zaunar da shi suka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Komawa BMLS ta shiga kai tsaye (Direct Entry), hanyar da mai wani digiri ke bi, na nufin farawa daga aji biyu: shekara 4 da ta horo, 5 ke nan. Likitanci ta wannan hanya shekara 5 da ta horo, kuma galibi daraja ta biyu ta sama ake nema, wadda ba shi da ita. Digiri na biyu zai yiwu, amma da kuɗin wa? Tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Koyarwa tana nan, in ya ƙara difilomar koyarwa ta PGDE ya yi rajista da TRCN, majalisar rajistar malamai, kuma malamin Kemistiri nagari ba ya rasa aji a jihar nan. Akwai tallan magunguna ga kamfanoni, mai buƙatar baki da juriyar hanya. Akwai NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da cibiyoyin bincike irin su NIPRD a Abuja, NITR a Kaduna da NARICT a Zariya, duk suna ɗaukar masu wannan digiri, amma ba a gina rayuwa a kan jiran ranar da za su buɗe ɗaukar aiki.

Saura masana'antu ƙanana: ruwan leda, burodi, yogot, abincin kaji, matsar mai. Mafi yawan masu digiri suna raina su. A ganinmu nan ne ƙofar da ta fi kusa, domin kowannensu na da matsalar da mai shi ke asara a kanta bai san sunanta ba.

Matsalar man Alhaji

Wani abokin kawun yana da injin matsar gyaɗa a bayan gari. Yana sayen gyaɗa a kasuwannin ƙauye da kaka, ya tara, ya riƙa matsa har bazara, ya sayar da mai a jarkoki masu lita 25, tunkuza kuma ga masu kiwon kaji da mata masu ƙuli-ƙuli. A wannan shekarar 'yan kasuwa sun fara dawo masa da jarkoki: man yana wari, yana maƙaƙi a maƙogwaro, in an ɗora a wuta yana kumfa yana saurin hayaƙi. Alhaji ya zargi yaran injin da haɗa masa da wani mai. Ya ce wa matashin, "Ɗana, kawunka ya ce ka karanci mai. Duba min ko cuta ta ake yi." Ya amsa, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu da kuɗin kayan awo."

Kayan ba su da yawa: buret mai mililita 50, kwalaben awo, sikeli mai auna har 0.01 na giram, itanol, finoltalin (sinadarin da ke sauya launi in asid ya ƙare), NaOH (sodar da ke kashe asid), da aron tanda mai ma'aunin zafi. Ya ɗebi samfuri uku: man da aka matsa ranar, man da ya kwana uku a duro, da wanda aka dawo da shi.

Awon farko na asid ɗin da ya ɓalle daga mai ne. Ana auna giram 10 na mai, a zuba mililita 50 na itanol mai ɗumi, a ɗiga finoltalin, a riƙa sako NaOH mai ƙarfin 0.1 daga buret ana kaɗawa, har ruwan ya koma ruwan hoda mai haske ya tsaya haka kamar daƙiƙa 15. Lissafin shi ne mililitar da aka sha, sau 0.1, sau 28.2, a raba da nauyin mai. Wurare biyu ake yawan kuskure. Itanol na kasuwa yana da ɗan tsami nasa, don haka sai an fara kashe shi da 'yan ɗigon NaOH kafin a zuba a mai, in ba haka ba sakamakon zai hau. NaOH kuma yana shan iskar kabon daga sarari ƙarfinsa ya ragu, don haka wanda aka haɗa wata guda da ya wuce ba 0.1 ba ne kuma, sai an sake tantance shi da KHP, wani gishirin awo da aka san ƙarfinsa daidai. Kowane samfuri sau uku ake yi, a ɗauki matsakaici.

Man ranar ya sha mililita 6.0, wato asid kashi 1.7 cikin 100. Wanda aka dawo da shi ya sha 9.6, kashi 2.7. In aka ninka da kusan 2 ana samun abin da ake kira darajar asid: 3.4 da 5.4. Ƙa'idar Codex, ta hukumomin FAO da WHO, ta sa iyakar 4.0 ga man da ba a tace da sinadari ba, 0.6 ga tatacce. Wanda aka dawo da shi ya faɗi, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne sabon man da bai kwana ba ya riga ya kusa iyaka. Man gyaɗa mai lafiya da aka matsa yau bai kamata ya kai haka ba. Ke nan ɓarnar ta fara tun gyaɗar tana cikin buhu.

Sai ya koma sito. Ya niƙa gyaɗa, ya auna giram 5.00, ya sa a tanda a zafin digiri 105, yana fitarwa yana aunawa har nauyin ya daina sauka. Ya tsaya a 4.45: danshi kashi 11 cikin 100. Gyaɗar da za a ajiye watanni bai kamata ta wuce kashi 8 ba. Buhunan suna jibge a kan siminti, sun jingina da bango, na ƙasa sun yi fumfuna. Dalilin a fili yake ga wanda ya yi ilimin enzayim: danshi na tayar da enzayim mai suna lifes, na gyaɗar da na fumfunar, shi kuma yana datse kitse ya saki asid. Wannan asid ɗin ne ke saukar da zafin da mai ke fara hayaƙi. Kumfar kuma ta ruwan da ya rage a mai ce da gyaɗar da ba ta tatu ba.

Wari kuwa hanyarsa daban, kuma a nan ne masu koyo ke ruɗewa. Warin tsohon mai daga haɗuwarsa da iskar oksijin yake, abin da zafi da haske da ƙarfe ke hanzartawa. Awonsa shi ne darajar feroksaid: giram 5 na mai, mililita 30 na haɗin asid asetik da kulorofom kashi 3 da 2, rabin mililita na ruwan KI, wato gishirin fotasiyam ayodayid da aka narkar har ruwan ya daina ɗauka, a bar shi minti 1 cikin duhu, a ƙara ruwa mililita 30, a sako sodiyam tayosalfet mai ƙarfin 0.01 tare da sitaci har shuɗin ya ɓace. Dole a yi gwajin wofi, wanda babu mai a ciki, a cire abin da ya sha. Ruwan KI a ranar ake haɗa shi, in ya yi rawaya a zubar. Kulorofom ba a buɗe shi a rufaffen ɗaki, don haka wannan awon a ɗakin gwajin wata makaranta ya yi shi, ba a sito ba. Man duro ya ba da 18, iyakar Codex kuma 15 ce ga irinsa, 10 ga tatacce. Wanda aka dawo da shi, mai warin da ya fi kowanne, sai ya ba da 12. Wanda ya haddace littafi kawai zai ce wannan ya ci jarrabawa. Bai ci ba. Feroksaid na hawa ne da farko, daga baya ya farfashe ya koma sinadaran da ke ba da warin, adadinsa ya sauko. Shi ya sa ba a karanta wannan awo shi kaɗai, sai an haɗa da hanci da tarihin man.

Durorin da ake tara man na ƙarfe ne, cikinsu ya yi tsatsa, suna tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Ana zuba mai da zafinsa daga inji, a bar duro rabi ba murfi, sabo a kan tsoho. Ƙa'idar da masu kemistiri ke aiki da ita ita ce ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Babu wanda ya cuci Alhaji. Sitonsa da durorinsa ne suka yi masa aikin.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Aka sayi ƙaramar na'urar auna danshi ana soka wa buhu tun a kasuwa, abin da ya haura 8 a shanya shi a kan tamfal kafin ya shiga sito. Aka ɗora buhuna a kan katako, aka bar tazara tsakaninsu da bango, wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Aka ɗauki mata suna tsince ruɓaɓɓu da motsattsu. Mai kuma a bar shi ya huce ya kwanta, a tace, a zuba a tankin roba na abinci a inuwa, a cika jarka har wuya don kada iska ta samu wuri, a rubuta ranar matsa a jikinta. Tsofaffin jarkokin da ake karɓowa daga kasuwa aka daina zuba sabon mai a ciki sai an wanke sun bushe sarai, domin ragowar tsohon mai na kunna lalacewar sabo. Gyaɗar da ta riga ta yi fumfuna ba ta gyaruwa, wannan asarar Alhaji ya haɗiye ta.

Abin da Alhaji bai tambaya ba

Fumfunar da ya gani ta tayar da maganar da ta fi wari nauyi. Aspergillus flavus, mai kama gyaɗa da masara, tana fitar da dafin aflatoksin. An gano shi ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, da suka ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. Yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, haɗarin kuma ya fi ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Suya ba ta kawar da shi. Mafi yawansa a tunkuza yake zama, wato a ƙuli-ƙuli da yajin tsire da abincin kaji, man da ba a tace da sinadari ba ma yana ɗaukar wani kaso. Saniyar da ta ci tana fitar da wani nau'insa a nono. Tarayyar Turai ta sa iyakar maikirogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, Amurka 20.

Akwai tsinken gwaji na gaggawa da ake tsomawa a ruwan da aka jiƙa garin gyaɗa da itanol ko metanol. Gwajin ba wuya, ɗibar samfurin ce aikin. Dafin ba ya bazuwa daidai, ƙwaya kaɗan cikin buhu na iya ɗauke da kusan dukkansa. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu ɗaya ya ce kaya lafiya, ƙarya ya yi ko bai sani ba. Sai an ɗeba daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a tara kilo da dama, a niƙe duka, a gauraya, sannan a ɗauki ɗan abin da za a gwada. Tunkuzar buhunan ƙasa ta nuna dafi sama da iyakar tsinken. Ya ba da shawarar kada a sayar da ita ga mutum ko dabba. Alhaji ya yi jim, ya ce, "Ɗana, ka san kuɗin buhu nawa kake magana?" Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe, amma yara ne ke cin ƙuli-ƙulin." An ware ta. Ba kowane mai masana'anta ne zai yarda ba, kuma mai wannan aiki ya kwana da shirin ranar da za a ƙi jin maganarsa. Maganin na gaba yana gona: cire gyaɗa a kan kari, busarwa da wuri, da Aflasafe, maganin rage dafin aflatoksin wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar, ana watsa shi a gona makonni 2 zuwa 3 kafin fure.

Inda lamarin ya tsaya

Alhaji ya ɗauki matashin mai kula da inganci. Albashin bai kai na ma'aikacin gwamnatin tarayya ba, kuma rabin aikinsa rubutu ne: littafin danshin kowace mota, littafin awon kowane zubi, ranar wanke tanki. Wannan rubutun ne jami'an NAFDAC ke nema in sun zo duba masana'anta, kuma Alhaji yana son lambar rajista don ya shiga manyan shaguna. A nan wani gibin ya fito. Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a man girki da fulawa da sukari, na mai 20,000 a kilo da ma'aunin bitamin da ake kira IU. Zuba shi ba wuya, tabbatar da adadinsa ne ke son HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna yawan kowanne, wadda matashin ya gani a allo kawai. Dole ana aika samfuri Kano ko Kaduna. Awon da yake yi a masana'anta kuma na cikin gida ne. Takardar sakamako da hukuma za ta karɓa daga waje sai ta ɗakin gwajin da aka amince da shi, irin na masu rajista da IPAN, cibiyar ƙwararrun masu awon abinci da magunguna da aka kafa a 1992, wadda shiga cikinta ke son digiri a fannin da ya dace, gogewar aiki da jarrabawa. Akwai kuma ICCON ta masu kemistiri. Shirinsa yanzu shi ne ya tara shekarun gogewar, ya yi digiri na biyu a ɓangaren abinci ko guba, ya zaɓi jami'ar da na'urarta ke aiki, ya tabbatar da haka da idonsa kafin ya biya kuɗin rajista.

Ƙanwarsa tana aji shida na sakandare, ita ma likita take so, kuma ta ce in bai samu ba za ta karɓi Bayokemistiri ta sauya daga baya. Shawarar da aka ba ta ita ce ta fara tantance inda take son tsayawa. In gefen gadon mara lafiya ne ko bencin asibiti, ta sa BMLS, aikin jinya, harhaɗa magunguna ko ɗaukar hoto a zaɓinta, ko ta sake zama JAMB, domin shekara 1 ta jira ta fi 5 ta komawa baya sauƙi. In kuma ta karɓi Bayokemistiri, ta karɓe shi a matsayin kwas ɗinta tun ranar farko: ta tsare makin aji ɗaya, ta fara neman wurin SIWES tun tana aji biyu a kamfanin abinci ko magani ko matatar ruwa ko da a Kano ne, ta koyi Excel da lissafin ƙididdiga, kuma ta zaɓi furojet da za ta yi awonsa da hannunta a kan abin da ake sayarwa a kasuwar Katsina, ko ruwan rijiyar burtsatse ne, ko gishiri, ko nono.